Tarken Adon Tayil a Masallacin Shah na Isfahan: Shin Sauri Ya Haifi Nawa?

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya saba da tarken waƙa ko ƙagaggen labari yakan ɗauka cewa jigo da salo da zubi da tsari abubuwa ne da suka keɓanta ga magana. Alhali kuwa duk aikin fasaha da ɗan Adam ya ƙaga yana da abin da yake son faɗa, yana da kuma hanyar da ya bi ya faɗe shi, ko da da yumɓu aka yi shi. Wannan takarda za ta ɗauki ma'aunin tarke ta ɗora shi a kan bango, wato a kan adon tayil mai sheƙi da aka lulluɓe Masallacin Shah na birnin Isfahan da shi, a ƙasar Farisa, wadda a yau ake kira Iran.

Dalilin zaɓen wannan masallaci shi ne akwai tsohuwar tuhuma a kansa. Masana tarihin fasaha da dama sun daɗe suna cewa girmansa ya fi ingancin adonsa, domin sarkin da ya sa aka gina shi ya matsa wa magina lamba, su kuma suka bar dabara mai wuya suka kama mai sauƙi. Takardar za ta auna wannan tuhuma, ta nuna inda ta yi gaskiya da inda ta wuce gona da iri.

2.0 Kayan Aiki da Kalmominsu

Da Farisanci ana kiran irin wannan tayil kashi, daga sunan garin Kashan, wanda ya shahara da sana'ar tangaran a ƙarni na 13 da na 14. Larabawa ma daga nan suka samo kalmarsu ta ƙashani. Ɗalibin Hausa zai lura cewa lafazin ya yi karo da wata kalma tamu da ba a ambatonta a gaban surukai, saboda haka a nan tayil za mu riƙa cewa.

Wani mutumin Kashan mai suna Abul Ƙasim, ɗan gidan masu wannan sana'a, ya rubuta bayanin yadda ake aikin a shekarar 1301. A cewarsa, jikin tangaran ɗin kashi goma farin dutse ne da aka niƙa, kashi ɗaya garin gilashi, kashi ɗaya kuma farin yumɓu. Sheƙin da ake gani a sama ruwan gilashi ne da ya narke a tanderu ya daskare. Launinsa yana zuwa daga ma'adinai. Tagulla ke ba da firuza, wato shuɗin nan mai haske da ya ɗan karkata zuwa kore. Kobal, wanda ake haƙowa a Ƙamsar kusa da Kashan, shi ke ba da shuɗi mai duhu. Kuza ke ba da fari, manganis kuma baƙi ko shunayya. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne kowane launi yana da zafin wutar da ya fi dacewa da shi. A kan wannan magana ɗaya dukan gardamar ta rataya.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A zamanin Saljuƙawa, ƙarni na 11 da na 12, da tubalin gashe tsagwaro ake ƙawata gini, ana jera shi ya ba da zane. Sannu a hankali aka fara cusa ƴan gutsattsarin firuza a tsakanin tubalan, musamman a layin rubutun da ke kewaye hasumiya, don a iya karanta shi daga ƙasa. Launi ya fara ne a matsayin mai taimaka wa rubutu.

A ƙarni na 13 Kashan ta fito da tayil mai ƙyallin zinariya. Ana zana shi da haɗin azurfa da tagulla a kan farin tayil da aka riga aka gasa, sannan a mayar da shi tanderu mai hayaƙi, ya fito yana walƙiya. Mihirabin da aka yi wa Masallacin Maidan na Kashan a 1226 yana cikin fitattun ayyukan wannan salo, kuma a yau yana gidan tarihi a Balin ta Jamus.

A ƙarƙashin sarakunan Mongol, sannan zuriyar Timur, wata dabarar ta bunƙasa, wadda ake kira mu'arraƙ. Da ita aka yi mihirabin Madarasar Imami ta Isfahan a 1354, aka ƙawata Masallacin Gauhar Shad na Mashhad a 1418, da Shuɗin Masallaci na Tabriz a 1465. Wannan ita ce gadon da maginan Shah Abbas suka tarar.

4.0 Dabaru Biyu

Mu'arraƙ aikin haƙuri ne. Ana gasa kowane launi shi kaɗai a faranti guda, a zafin da yake so. Sai mai zane ya zana dukan adon a takarda, a yanka takardar gunduwa-gunduwa, a manna kowace gunduwa a kan launin da ya dace da ita. Masassaƙi ya sa ɗan gizago ya sare tayil ɗin daidai da siffar, ganye ne ko reshe ko gaɓar harafi, ya goge gefensa. Daga nan a kife gutsattsarin a ƙasa, fuska na kallon ƙasa, a haɗa su bakin juna, a zuba farar ƙasa a bayansu. In ta bushe sai a ɗaga allon gaba ɗaya a kafa a bango. Fure ɗaya yana iya cin gutsure goma ko fiye.

Dabara ta biyu ita ce haft rang, wato launi bakwai, ko da yake ba dole ne adadin ya cika bakwai daidai ba. A nan ana jera fararen tayil masu kusurwa huɗu, a zana adon a kansu kamar allo ɗaya, a ja layi da wani abu mai maiƙo da aka haɗa da manganis don ya hana launuka malala cikin juna, a cike gurabun da launi, sannan a gasa su duka a wuta ɗaya. Aikin da zai ci wata da mu'arraƙ sai a gama shi cikin kwanaki.

Wanda ya san tufafi zai gane bambancin nan take. Mu'arraƙ kamar saƙi ne, inda aka rina kowane zare daban kafin a saƙa, launin ya ratsa jikin zanen. Haft rang kuwa kamar atamfa ce, wadda aka buga wa ado a kan farin ƙyalle. Ba a zamanin Shah Abbas aka ƙirƙiro haft rang ba, don ana ganin irinta a gine-ginen Samarƙand tun ƙarshen ƙarni na 14. Abin da ya zama sabo a Isfahan shi ne yawan wurin da aka ba ta.

5.0 Masallacin da Tuhumar da Ake Yi Masa

Shah Abbas na Ɗaya, na daular Safawiyya, ya mayar da babban birninsa Isfahan a 1598. Ya sa aka shata wani makeken dandali, Naƙsh-i Jahan, mai tsawon kimanin mita 560 da faɗin mita 160. A gabashinsa aka gina ƙaramin Masallacin Shaikh Lutfullah tsakanin 1603 da 1619. A kudancinsa aka aza harsashin Masallacin Shah a 1611, ƙarƙashin babban magini Ali Akbar Isfahani. An gama babbar ƙofar a 1616, da rubutun hannun Ali Riza Abbasi. Sarkin ya rasu a 1629 ba a kammala ginin duka ba. Bayan juyin juya halin 1979 an sauya masa suna zuwa Masallacin Imam, kuma a shekarar ce UNESCO ta sa dandalin cikin wuraren tarihi na duniya.

Babbar ƙofar da mu'arraƙ aka yi ta. Mafi yawan abin da ke ciki, farfajiya da zauruka huɗu masu buɗaɗɗen baki da ɗakunan salla, da haft rang aka rufe shi, a bisa dogaren marmara da ya kewaye gindin bango. A nan tuhumar ta samo tushe. Ana cewa sarki ya ga shekaru na tafiya, yana son ya ga masallacinsa da idonsa, sai aka sadaukar da inganci don a cim ma lokaci. Baturen Ingila Robert Byron, wanda ya ziyarci Isfahan ya kuma wallafa labarin tafiyarsa a 1937, yana cikin waɗanda suka fifita ƙaramin Masallacin Shaikh Lutfullah a kan babban, kuma ra'ayi irin nasa ya yi tasiri a kan masu rubutu da suka biyo baya.

6.0 Inda Tuhumar Ta Yi Gaskiya

Adalcin tarke shi ne a fara ba abokin gardama haƙƙinsa. Akwai abubuwa uku da ba za a iya kare haft rang a kansu ba.

Na farko shi ne zurfin launi. Tun da wuta ɗaya aka yi wa launuka duka, babu wanda ya sami cikakken abin da yake so. Shuɗin mu'arraƙ yana da duhu mai zurfi kamar baba da ta kama sosai a marina, na haft rang kuwa yakan yi ɗan fari-fari. Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi adonta, sannan ya shiga ciki ya dubi bangon da ke daidai kafaɗarsa, zai ga wannan rata ba sai an nuna masa ba.

Na biyu shi ne yadda haske ke wasa a bango. Gutsattsarin mu'arraƙ ba sa kwanciya daidai wa daida. Kowanne yana ɗan karkata kaɗan, don haka kowanne yana mayar da haske ta nasa gefen, bangon ya riƙa motsi yayin da mai kallo ke tafiya. Tayil mai kusurwa huɗu shimfiɗe yake, haskensa ɗaya ne, wani lokaci ma yakan ɗauke ido ya ɓoye zanen.

Na uku shi ne gaɓa. A mu'arraƙ, inda gutsure ya ƙare nan zane ya ƙare, saboda haka gaɓar ita ce layin adon. A haft rang akwai layuka iri biyu da ba sa jituwa, wato lanƙwasar reshe da ganye, da kuma miƙaƙƙun layukan da ke tsakanin tayil da tayil, waɗanda ke ratsa fure su raba shi biyu. Ɗalibin waƙa zai tuna da baitin da aka karya kalma a tsakiya don a cika ma'auni. Ma'ana ta fita, amma kunne ya ji karayar.

7.0 Inda Tuhumar Ta Wuce Gona da Iri

Duk da haka, kuskuren masu tuhumar shi ne sun auna gini da ma'aunin abin da ake riƙewa a hannu. Tayil ɗaya a cikin akwatin gilashi na gidan tarihi ana kallonsa daga taku ɗaya. Ƙubbar Masallacin Shah kuwa ta haura mita 50. Daga ƙasa ido ba ya ganin gaɓar tayil, ba ya kuma bambance zurfin wannan shuɗi da wancan. Abin da yake gani shi ne yadda launi ya game wuri, da yadda zane ke ƙanƙancewa yana hawa har ya tattaru a tsakiyar ƙubba. A wannan nisa haft rang ta biya buƙata.

Hujja ta biyu tana cikin rabon aikin kansa. Maginan ba su watsa dabarun biyu barkatai ba. Sun ajiye mai tsada a ƙofar da ke fuskantar dandali, inda fatake da baƙi da jakadu ke tsayawa su ɗaga kai su karanta sunan sarki. Sun ba mai sauƙi manyan filayen bango na ciki. Wannan shawara ce ta wanda ya san darajar kowace dabara, irin ta maɗinkin da ya zuba aikin hannu a wuya da aljihun riga ya bar sauran jiki.

Hujja ta uku ta shafi jigo. Masallacin Shaikh Lutfullah ba shi da hasumiya, ba shi da farfajiya. Ɗaki ɗaya ne, wanda ake shiga ta wani lungu mai duhu da ke juya mutum har ya fuskanci alƙibla, sai ya ɓullo ƙarƙashin ƙubba mai tagogi goma sha shida da ke tace hasken rana. An yi shi ne don mutane kaɗan, kuma adonsa na mai zama ne ya ƙura ido. Masallacin Shah na jama'a ne, an yi shi don dubbai. Shi ma an karkatar da shi daga layin dandali da kusan digiri 45 don ya fuskanci Makka, amma mai shiga yana fitowa ne a sarari, shuɗi ya kewaye shi ta ko'ina, ruwan tafkin alwala kuma ya ninka abin da ke sama. Manufar a nan ita ce nauyin tubali ya ɓace wa ido, mai salla ya ji kamar a cikin lambu yake tsaye. Da a ce an dage sai mu'arraƙ a kowane taku, da wuya a ce aikin ya kammalu a wannan zamani. Wanda ya kwatanta gine-ginen biyu ya ce ɗaya ya kasa, kamar wanda ya zargi tambari ne da rashin zaƙin sarewa.

Akwai kuma abin da haft rang ta iya wanda mu'arraƙ ke wahala a kansa. Alƙalamin mai zane ya fi gizago sakin jiki. Reshe yana iya lanƙwasa yadda ya ga dama, rawaya da kore suna iya shiga tsakanin shuɗi a ƙananan wurare, kuma rubutun sulusi fari a kan shuɗi yana iya tafiya mai nisa ba tare da an sassaƙa kowane harafi ba.

8.0 Laifin da Ya Rage

Bayan an cire abin da aka ƙara wa tuhumar, akwai saura da ya tsaya. A ganin wannan takarda, raunin Masallacin Shah na gaskiya yana wajen rashin hutu. A Masallacin Juma'a na Isfahan, ƙubbar arewa da aka gina a 1088 tubali ne tsirara, kuma mai kallo yana ganin yadda kowace baka ke ɗauke da nauyin ta sama da ita. A bayan ƙubbar Shaikh Lutfullah ma an bar ƙasan zanen da launin ƙasa marar sheƙi, sai rassan da ke kansa suke ƙyalli, kowanne yana fito da ɗan'uwansa. A Masallacin Shah kusan babu inda aka bar bango ya huta. Sauƙin dabarar ya sa an rufe komai, kuma idan komai ado ne, ido yakan rasa inda zai sauka. Mawaƙin da ya sa azanci a kowane ɗango yakan gajiyar da mai sauraro, ko da kowane azancin mai kyau ne.

Sannan akwai abin da ya biyo baya. Da zarar tayil ya zama allon zane, sai ƙofa ta buɗe ga duk abin da alƙalami ke iya zanawa. A zamanin Ƙajar, ƙarni na 19, ruwan hoda da rawaya suka yi yawa, aka shiga zana furannin wardi da ƴan hotunan gine-gine irin na Turai, kamar yadda ake gani a Masallacin Nasirul Mulk na Shiraz da aka gina tsakanin 1876 da 1888. Wannan salo yana da masoyansa. Sai dai alaƙar da ke tsakanin siffar gutsure da siffar zane, wadda ita ce ƙashin bayan tsohon aikin, ta yi rauni ƙwarai. Ba za a ɗora wa maginan Shah Abbas alhakin jikokinsu ba, amma a wurinsu hanyar ta rabu.

9.0 Abin da Ke Cikin Haɗari

Wannan gardama ba ta tsaya a littafi ba. Tayil yana tsufa, ruwa yana shiga bayansa, farar ƙasa tana saki, don haka kowane zamani sai ya sake wani ɓangare. An yi manyan gyare-gyare a gine-ginen dandalin a shekarun 1930. A 2022 kuma, bayan aikin gyaran ƙubbar Masallacin Shah da ya ɗauki fiye da shekara goma, hukumomin kula da kayan tarihi na Isfahan sun amsa cewa an sami kurakurai a jerin zanen, musamman a saman ƙubbar. Mai gyaran da bai fahimci dalilin da ya sa aka zaɓi wata dabara a wani wuri ba, zai iya mayar da launi ya kuma ɓata ma'ana.

Haka nan batun rabuwar tayil da bangonsa. Tayil masu siffar tauraro da aka yi wa hubbaren Imamzada Yahya a Waramin a 1262 sun warwatsu a gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban, mihirabinsa na 1265 kuma yana can Honolulu. Yawancin hukuncin da aka yanke wa fasahar Farisa an yanke shi ne a gaban irin waɗannan gutsattsari, kusa da ido, ƙarƙashin fitilar lantarki. A irin wannan zama dole haft rang ta faɗi, domin an raba ta da nisa da hasken rana, waɗanda su ne rabin aikinta.

10.0 Kammalawa

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A Masallacin Shah saurin ya haifi asara ta gaske a zurfin launi da wasan haske da tsabtar gaɓa, kuma ya jawo cika ado har bango ya rasa wurin hutawa. Amma bai haifi gazawa ba, domin maginan sun san abin da suka bari da abin da suka samu, sun kuma ajiye kowace dabara inda za ta fi amfani. Hukuncin takardar nan shi ne tayil ɗin Masallacin Shah, in aka ɗauke shi ɗaya-ɗaya, bai kai na Tabriz ko na Mashhad ba, ginin kuwa in aka ɗauke shi dunƙule ya cika abin da aka gina shi dominsa.

Darasin da ɗalibin tarke zai ɗauka shi ne, kafin ya yanke wa aiki hukunci, ya tambayi kansa daga ina aka nufa a kalle shi, su wa aka yi wa shi, kuma me mai shi ya sadaukar don ya sami me. Waƙar da aka tsara don dandali ba a auna ta da ma'aunin wadda aka rubuta don zaure, kuma baitin da aka cire daga waƙarsa ba ya isa shaida a kan mawaƙi.